Tikiti a hannu, jirgi bai tashi ba: yadda muka jira sabon rola kosta da aka canza wa layi

Ɗana na fari yana da shekara 13 lokacin da wannan abu ya faru. Tun yana ƙarami ba shi da abin kallo a waya da ya wuce rola kosta, jirgin nan na wuraren shaƙatawa da ake ja ya hau can ƙololuwar dogon ƙarfe, a sake shi ya sulalo da gudu, ya sha kwana, wani ma ya juya mutane kai a ƙasa ƙafa a sama. Ya haddace sunayen kamfanonin da ke ƙera su, ya san tsayin wannan da gudun wancan, har zanensu yake yi a bayan littafinsa na lissafi. To da wani babban wurin shaƙatawa ya ba da sanarwar zai buɗe sabo a shekarar, sai na yi masa alkawari cewa in ya ci jarrabawa za mu je ranar farko. Ya ci. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don abin da ya same mu ba a kansu aka fara ba, yana iya faruwa a duk inda ake gina sabon jirgi irin wannan. Abin da nake so shi ne wanda zai ɗauki irin alkawarin da na ɗauka ya san abin da ke gabansa, kada kansa ya ɗaure kamar yadda nawa ya ɗaure.

Da farko sanarwarsu ba ta ɗauke da rana, sun ce dai cikin shekarar. Bayan 'yan watanni suka sa rana. A daren da na ga ranar na zauna na sayi abu huɗu a jere: tikitin shiga mai ɗauke da kwanan wata, wani ƙarin tikiti da ke ba mutum damar hawa sabon jirgin ba tare da bin dogon layi ba, ɗakin otal na kwana biyu, da kujerun tafiya, zuwa da dawowa, don wurin yana da nisa da mu. Otal ɗin da kujerun kowanne yana da farashi iri biyu, mai sauƙi wanda ba a mayar da kuɗi in an fasa, da mai ɗan tsada wanda ake iya sauya wa rana. Na zaɓi mai sauƙin a duka biyun. A ganina wurin da ya kai wannan girma ba zai sa rana ya saɓa ba. Akwai dogon rubutun sharuɗɗa da aka ce in danna na amince, na danna ban karanta ba. Washegari na nemi hutun kwana uku a wurin aiki, aka ba ni.

Saura kwana 9 tafiya, ina zaune da dare, yaron ya shigo ya miƙa mini waya bai ce komai ba. Sanarwa ce gajera, ba ta wuce layi biyar ba. Sun ce yayin gwaji an gano wani sashe na layin dogon jirgin yana bukatar gyara, an ɗage buɗewa, za a sanar da sabuwar rana nan gaba. Babu bayanin wane sashe ne, babu maganar masu tikiti. Na karanta sau uku ina neman inda aka rubuta sabuwar ranar, babu. Ya ce, "Baba, to yanzu shi ke nan?" Na ce masa a'a, amma gaskiya ni kaina ban san amsar ba. Raina ya ɓaci ƙwarai a daren nan, kuma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Yaro ya yi nasa, ya sauke nauyin da na ɗora masa, ni kuma nawa ya kuɓuce daga hannuna.

Da safe na kira lambar sashen kula da baƙi. Na yi kusan minti 40 a kan layi kafin a ɗauka, don a ranar kowa kira yake yi. Matar da ta ɗauka ta nemi abu uku kafin mu fara magana: lambar sayen tikitin, adireshin imel ɗin da na yi amfani da shi, da lambobi huɗu na ƙarshen katin da aka biya da shi. Lambar sayen ba ta hannuna, sai da ta jira ni na lalubo ta a cikin saƙonni. Sannan ta yi mini bayanin da ya sauya fahimtata gaba ɗaya. Ta ce, "Yallaɓai, tikitinka na shiga wurin ne, ba na hawa wani jirgi takamaimai ba." Wurin yana buɗe a ranar, sauran abubuwan hawa suna aiki, don haka a wajensu ba a tauye mini komai ba. Yana nan a rubuce cikin sharuɗɗan da na amince da su, cewa ana iya rufe kowane abin hawa saboda gyara ko yanayi ba tare da an mayar da kuɗin shiga ba. Na duba daga baya, haka ne. Abin da za su iya yi mini shi ne su sauya ranar tikitin sau ɗaya kyauta. Shi kuwa ƙarin tikitin tsallake layi, tunda da sabon jirgin aka ɗaure shi, za a mayar da kuɗinsa, amma sai na cike fom. Har na buɗe baki zan zaɓi wata rana bayan mako biyu, sai ta ce in dakata, dama ɗaya gare ni, kuma su kansu ba a faɗa musu ranar ba. Na gode mata har yau. Kafin mu rabu na roƙi lambar ƙorafina, ta ba ni, na rubuta a takarda. Wannan lamba ta yi mini amfani sau biyu daga baya, ta hana a sa ni maimaita labarin tun daga tushe.

Otal ɗin ne ya fi wahalar da ni. Ba na wurin shaƙatawar ba ne, kuma ta wata manhajar kama ɗaki na biya. Na kira otal suka ce ba su ne suka karɓi kuɗina ba, in nemi manhajar. Na nemi manhajar suka ce sai otal ya amince. Kwana uku ana buga ni tsakaninsu kamar ƙwallo. A rana ta huɗu na daina kira, na rubuta wa manajan otal ɗin imel, na haɗa da hoton sanarwar ɗagewar da takardar kama ɗakin. Ya amsa da mutunci, ya ce kuɗi ba za su dawo ba, amma zai iya matsar da kwanakin in na ba shi sabuwar rana cikin mako guda. Ranar kuwa ita ce abin da ba ni da shi. Kujerun tafiya ma haka, in na sauya su kuɗin sauyin ya kusa kai na sababbi. Na tuna ina da inshorar tafiya, na ɗauko takardar na bi ta layi-layi. Ta shafi rashin lafiya, rasuwa, soke tafiya daga kamfanin sufuri da ɓatan kaya. Rufe abin hawa a wurin shaƙatawa ba ya ciki. Daga baya na haɗu da wani magidanci da ya sayi tikiti da masauki a dunƙule daga hannun wurin shaƙatawar, shi da kira ɗaya aka matsar masa da komai.

Fom ɗin mayar da kuɗin bai da tsawo. Ana ɗora rasit, da saƙon tabbatar da saye, a rubuta dalili. Bayan kwana biyar aka dawo mini da shi, wai sunan da ke kan katin biya bai zo daidai da nawa ba. Gaskiya ne, da katin maiɗakina na biya a daren. Ba sa tura kuɗi wani asusu daban, katin da ya biya shi ake mayar wa. Sai da aka sake cike fom ɗin da sunanta, na saka lambar ƙorafin nan, sannan ya wuce. Kuɗin sun shigo bayan kusan mako uku.

Tunda ɗaki da kujeru sun riga sun tafi, muka yanke shawarar mu je a ranar da muka tsara tun farko, ko ba komai yaron ya ga abin da idonsa. Da muka isa, kafin mu shiga, na nufi ofishin kula da baƙi da ke bakin ƙofa. A nan wani matashi ya nuna mini hanyar da ba a faɗa mini a waya ba: in na cika bambancin kuɗin, za a mayar da tikitinmu na yini ya zama na shekara, mu shiga yau, mu kuma dawo duk ranar da aka buɗe. Na yi lissafi a tsaye, na ga cikon bai kai kuɗin sababbin tikiti biyu ba, na amince. Ya nemi katin shaidata, ya ɗauki hoton kowannenmu, ya ba mu kati. Duka bai wuce minti 20 ba har da layi. Ya ja kunnena cewa a ranar da aka yi amfani da tikitin ake wannan sauyin, in mun fita mun tafi gida dama ta wuce.

Daga nan muka miƙe sai wajen sabon jirgin. An kewaye shi da katanga ta katako, amma abu mai tsayi ba ya ɓoyuwa. Ga shi nan a tsaye, fenti sabo fil, tashar hawa an gama ta, har allon sunansa an kafa. Sai dai bayan gangara ta farko, inda layin ke shan wata kwana kusa da ƙasa, akwai giɓi. Dogon ya zo ya tsaya a iska, can gaba ya ci gaba, tsakaninsu babu komai sai ginshiƙai tsirara. Wani ƙaton injin ɗaga kaya yana gefe, an jere guntayen layin da aka ciro a kan katako. Yaron ya daɗe yana kallo. Ni kuwa a nan fushina ya fara sauka, don gani ya kori ji. Na ɗauka wasa da hankali ake yi mana, ashe da gaske an kwance ƙarfe.

Wani dattijo cikin ma'aikatan gyara ya zo wucewa ta wajen katangar, yaron ya gaishe shi ya jefa masa tambaya. Mutumin ya ce ba shi da izinin faɗin abin da aka gano, amma ya tsaya ya yi mana bayanin yadda aikin yake a ko'ina, kuma abin da na karanta daga baya bai saɓa da nasa ba. Ana fara zana jirgin ne a kwamfuta, a lissafa gudunsa a kowane taku na layin da irin nauyin da zai sauka a jikin mutum. In an gama gini ba a sa mutane. Ana cika kujerun da mutum-mutumin roba da aka ɗura wa ruwa, don nauyinsu ya yi daidai da na mutane, a maƙala na'urorin aune a jikin taragon, a sake shi ya zagaya sau da yawa. A nan ne ƙarfe ke faɗin gaskiyarsa. Wani lokacin jirgin yana shiga kwana da gudun da ya fi na lissafi. Wani lokacin nauyin da ke kan tayoyi da ƙashin taragon ya fi abin da za su jure shekara da shekaru. Tayoyin ma kashi uku ne, na saman dogo, na gefensa, da na ƙarƙashinsa masu hana jirgin tashi, kuma kowane kashi yana da iyakar abin da zai ɗauka. Sai kuma jikin ɗan Adam. A ƙasan gangara mutum yakan ji nauyinsa ya ninku sau uku ko huɗu, abin da suke aunawa da ma'aunin G. Na ɗan lokaci kaɗan ba komai, amma in ya daɗe jini yana sauka daga kai zuwa ƙafafu, gani ya dushe, wani har ya suma. Shi ya sa ba yawan nauyin kawai ake dubawa ba, har da daƙiƙa nawa ya ɗauka.

Muna cin gaba da zagaya wurin yaron yana kawo mini misalai, ni kuma da muka koma masauki na bincika na tarar ya yi daidai. A 2007, wurin shaƙatawa na Cedar Point da ke jihar Ohio a Amurka ya shirya buɗe wani jirgi mai suna Maverick ranar 12 ga Mayu. Gwaji ya nuna wata murɗiya da ke juya mutane tana matsa wa taragun fiye da kima, aka cire ta, aka sa kwana mai siffar S a madadinta, aka buɗe ranar 26 ga Mayu. Babu baƙon da ya taɓa hawa waccan murɗiyar. Shi kuwa jirgin da a lokacin ake kira Intimidator 305, na wurin shaƙatawa na Kings Dominion a jihar Virginia, mai tsayin mita 93, an buɗe shi ne a 2010 kafin matsalarsa ta fito fili. Mahaya suka riƙa cewa ganinsu na dushewa a kwanar farko. Aka sa birki a gangarar don rage gudu, sannan kafin 2011 aka sake fasalin kwanar aka buɗa ta. Da na jera labaran biyu sai na ga namu irin na farkon ne, an kama abin tun babu kowa a kujera.

Abin da na kasa ganewa da farko shi ne me ya sa guntun ƙarfe kaɗan zai ci makonni. Ashe ba a wurin ake lanƙwasa layin ba. Kowane guntu a masana'anta ake ƙera shi da siffarsa shi kaɗai, a lanƙwasa bututun daidai da zane, a yi walda, a duba waldar da na'ura, a yi fenti, sannan a yi jigilarsa, sau da yawa daga wata ƙasa. Kafin a kai ga ƙerawa ma sai injiniyoyi sun sake zanen, sun tabbatar sabuwar kwanar ta haɗu da tsohon layi gaba da baya, sun kuma lissafa abin da sauyin zai yi wa gudun jirgin a sauran tafiyar. In ya rage gudu da yawa, yana iya kasa haye tudu na gaba ya dawo baya ya tsaya a kwari. In siffar ta kauce sosai, har ginshiƙai da harsashinsu na siminti sai an taɓa. Bayan an ɗaura kuma gwaji sabo ake farawa, tamkar ba a yi na baya ba.

Muka koma gida muka shiga jira, kuma jiran nan shi ne mafi tsawon mataki. Jita-jita ta yi yawa. Yau a ce mako mai zuwa, gobe a ce sai baɗi. Sau ɗaya wata rana ta yaɗu sosai har na kusa neman hutu, Allah ya sa na tsaya na duba shafin wurin, ban ga komai ba, ranar ta zo ta wuce shiru. Daga nan na daina sauraron kowa sai sanarwar hukumar wurin, na koma bin alamomin da ido ke gani a hotunan da masu ziyara ke ɗorawa. A jere suke zuwa. Da farko sababbin guntaye suka iso aka cike giɓin. Sai aka ja tarago a hankali ta sashen ɗauke da wani faffaɗan allo a jikinsa, don a tabbatar hannun mai hawa ba zai taɓa ginshiƙi ko bango ba. Sai jirgin ya fara zagayawa da mutum-mutumin ruwa. Bayan haka masu duba na waje suka zo, waɗanda ba ma'aikatan wurin ba ne. Can sai aka fara ganin ma'aikata sanye da kayan aiki suna koyon duba maɗauran kujeru da yadda ake sauko da mutane in jirgi ya tsaya a sama. Duk wanda ya ga an kai wannan mataki na ƙarshe, to buɗewa ta matso. Wanda kuwa har yanzu yake ganin injin ɗaga kaya a gindin jirgi, kada ya kama ɗaki.

A cikin kwanakin nan ne maiɗakina ta tayar da maganar da ta fi kowacce nauyi. Ta ce, "Abin da aka gina aka kwance, kai ka yarda ka ɗora mini yaro a kai?" Ban raina tambayar ba, don tana da hujja. A birnin Kansas City na Amurka an yi wani dogon sululun ruwa mai suna Verrückt da aka ɗage buɗewarsa sau da dama ana gyare-gyare, aka buɗe a 2014, a 2016 wani yaro ɗan shekara 10 ya rasa ransa a kai. Saboda haka jinkiri shi kaɗai ba shaidar lafiya ba ne. Abin tambaya shi ne wa ya yi lissafin gyaran, wa kuma ya duba bayansa. Akwai ƙa'idojin da ake bi wajen zana waɗannan jirage, a Amurka da wasu ƙasashe ASTM F2291, a Turai EN 13814, akwai kuma hukumomin duba masu zaman kansu irin TÜV na Jamus. Na rubuta wa wurin na tambaye su kai tsaye ko kamfanin da ya ƙera jirgin ne ya zana sabon sashen, da kuma ko wani na waje zai sa hannu kafin a buɗe. Bayan kwana shida suka amsa da e a kan duka biyun. Na nuna mata amsar. Ta ce to, amma ba ranar farko ba.

A wannan mun dace da ita, don ni ma na riga na sauya ra'ayi. Sabon jirgi ko an buɗe shi bai gama zama ba. Hyperia na Thorpe Park a Ingila an buɗe shi ranar 24 ga Mayu 2024, washegari aka rufe, sai 12 ga Yuni ya dawo. Top Thrill 2 na Cedar Point ya fara aiki a farkon Mayu 2024, ya yi kusan mako guda aka tsayar da shi don gyaran taragu, bai sake ɗaukar mutane ba sai 2025. Don haka da sanarwar gaske ta fito, kusan mako bakwai bayan ranar farko, na zaunar da yaron na ce mu bari ya yi mako biyu yana aiki tukuna. Bai ji daɗi ba, amma shi ya san waɗannan labaran fiye da ni, bai yi musu ba. A wannan karon na kama ɗakin da ake iya fasawa har kwana ɗaya kafin zuwa, kai tsaye daga otal ɗin. Na zaɓi tsakiyar mako. Na duba hasashen yanayi, don iska mai ƙarfi ko tsawa na sa a tsayar da dogayen jirage. Na kuma ware kwana biyu, in na farko ya ƙi a samu na biyu.

Ranar mun isa kafin a buɗe ƙofa, duk da haka mun tarar da mutane. A bakin layi aka auna tsayin yaron da sanda, ya wuce. Akwai kujerar gwaji a gefe, na zauna na tabbatar maɗaurin yana rufuwa a kaina, kuma ina ba duk mai jiki shawara ya yi haka kafin ya ɓata awa biyu a layi. Aka ce waya, makulli da duk abin da ke aljihu a zuba su a akwatin ajiya, ba a hawa da komai. Mun yi sama da awa ɗaya, saura kaɗan mu kai tasha, sai komai ya tsaya. Aka yi shela cewa an samu tsaiko, ba a san tsawonsa ba, mai so ya jira mai so ya fita. Gabana ya faɗi, na ce ko tarihi ne zai maimaita kansa. Mutane da yawa suka fice. Yaron ya ce mu tsaya, ya yi mini bayani cewa an raba layin dogon jirgin gida-gida, tarago ba ya shiga gida sai na gabansa ya fita, kuma in na'ura ɗaya ta ba da saƙon da kwamfutar ba ta gamsu da shi ba, sai ta tsayar da komai. Bayan kusan rabin awa aka saki tarago biyu babu kowa, sannan aka ci gaba da ɗiba.

Hawan kansa bai fi minti biyu ba. Na tuna ƙarar hawa tudun, da yadda wurin gaba ɗaya ya koma ƙanƙane a ƙasa, sannan gangarar da ta ɗauke mini numfashi. Da muka shiga kwanar da aka sauya na ji nauyi ya danne ni a kujera, ya sake ni da wuri, idona garau. Yaron yana ihu yana nuna ƙasa da hannu. Da muka sauko ya ja ni wajen shinge ya nuna mini inda sabon ƙarfe ya haɗu da tsoho, fentin sabon ya ɗan fi haske. Muka sake bin layi muka hau karo na biyu da yamma.

In aka ce in sake daga farko, ba zan sayi komai ba a daren da aka sa rana. Ranar buɗe sabon jirgi fata ce ta masu wurin, gwaji ne ke da maganar ƙarshe, kuma gwajin yakan zo ne a makonnin da ke dab da ranar, lokacin da mutane sun riga sun biya. Wanda ya matsu sai ya yi tanadi da wuri, to ya ƙara ɗan abin da ake ƙarawa ya sayi masauki da kujerar da ake iya sauyawa, ko ya saya a dunƙule daga hannu ɗaya, don in abu ya lalace ƙofa ɗaya zai ƙwanƙwasa. Ya ɗauki hoton sanarwar da ta sa ya saya da wadda ta ɗage, ya adana rasit da lambar saye a inda zai same su yana kan waya. Ya biya da katin da ke ɗauke da sunansa. In an ba shi damar sauya rana sau ɗaya, ya riƙe ta har sai ya ga jirgin na ɗaukar mutane. Kuma rubutu ya fi kira, abin da na kasa samu a kwana uku na waya na same shi da imel ɗaya. Game da yaro kuwa, da na sani da cewa na yi za mu hau a shekarar da aka buɗe, ban ambaci ranar farko ba, da bai kwana da baƙin cikin da ya kwana da shi ba.

Akwai abu ɗaya da ya biyo baya. Wajen ƙarshen shekara saƙo ya shigo cewa za a cire kuɗin sabunta tikitinmu na shekara daga katina nan da kwana 30. Ashe a takardar da na sa wa hannu a ofishin bakin ƙofa akwai layin da ya ce tikitin yana sabunta kansa in ba a soke ba. Na shiga asusuna a shafinsu na soke nawa, aka turo mini saƙon tabbatarwa na ajiye. Na yaron na bar shi, don ya riga ya ji ana raɗe-raɗin za su gina wani.